Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sarakunan Hausawa, Limamai Da Kwamitocin Makarantunmu Na Legas: A Dawo Wa 'Yan Matanmu Da Tserensu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, iyayenmu sarakunan Hausawa na Agege, Idi-Araba, Obalende, Mile 12, Alaba Rago da sauran unguwanninmu na Ikko. Allah ya ja zamaninku, ya ƙara wa sarauta martaba. Allah gafarta malamai, limamanmu da shugabannin Islamiyyu. Gaisuwa ta musamman ga alhazan kasuwa da 'yan kwamitocin makarantu, waɗanda sau da yawa daga aljihunsu ake cika albashin malamai idan kuɗin makaranta ya gaza.

Ni 'yarku ce, haifaffiyar Agege, malamar motsa jiki a ɗaya daga cikin makarantun al'umma. Ba da yawun bakina kaɗai nake magana ba. Akwai malamai mata 'yan uwana, akwai iyaye mata da muke haɗuwa a taron iyaye da malamai, sannan akwai su kansu 'yan matan, waɗanda kunya ba za ta bar su su ɗaga ido a gabanku ba. Su suka ce in rubuta. Idan na yi kaushin harshe a wani wuri, a yi mini afuwa irin ta uba da 'ya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a zangon karatun da ya wuce kwamitin wata makarantarmu ya zauna ya yanke cewa daga bana babu sauran tseren 'yan mata a wasannin inta-haus, wato gasar da ɗalibai ke yi rukuni-rukuni a cikin makaranta, ga duk wadda ta shiga ajin sakandare. Maza za su yi gudunsu kamar kullum: mita 100, mita 200, da na miƙa sanda. 'Yan mata kuwa an bar musu maci, da riƙon tuta, da raba wa manyan baƙi ruwa. Ba zan kama sunan makarantar ba, don ba tozarci ya kawo ni ba, kuma mun ji wasu makarantun ma sun fara shawarar bin sahu. A zaman da aka yanke hukuncin babu mace ko ɗaya. Dalilan da suka iso kunnenmu su ne sutura, da karatu, da kuma tambayar da wani dattijo ya yi: "To ina amfanin gudun 'ya mace?"

Ranku ya daɗe, abu na farko da wannan hukunci ya ɓata shi ne lokaci. An tsayar da yaran daidai shekarun da ake gane mai gudu. Gudun gajeren zango ba sana'a ba ce da mutum zai tashi da girmansa ya ce zai koya. Duk mai horarwa ya san tsakanin shekara 12 zuwa 17 ake gano yarinya, a gyara mata tashi, a gyara mata taku, a koya mata yadda ake wurga hannu. Tun ranar farko ma haka abin yake: da aka fara barin mata su yi tsere a gasar Olamfik, a Amsterdam a 1928, wadda ta ci mita 100, Betty Robinson, 'yar makaranta ce mai shekara 16.

Ku dubi Jamaika. Mutanen ƙasar gaba ɗaya ba su kai miliyan 3 ba, amma a Olamfik ta Tokyo a 2021 matansu ne suka kwashe zinare da azurfa da tagulla a mita 100, suka sake maimaitawa a gasar duniya ta Eugene a Amurka a 2022. Ba tsafi ba ne. Gasar makarantun sakandare suke da ita, wadda ake yi kowace shekara a babban filin Kingston, ta maza tun 1910, daga baya aka haɗa da ta mata. Filin yakan cika maƙil da iyaye da tsofaffin ɗalibai. Daga nan Shelly-Ann Fraser-Pryce ta fito, 'yar unguwar talakawa ta Waterhouse, uwarta mai ƙaramar sana'a a bakin titi, ita kuma 'yar gajeruwa da ba ta fi mita ɗaya da rabi da kaɗan ba. Sau biyar tana zama zakarar duniya a mita 100. Julien Alfred kuma, wadda ta ci zinaren mita 100 a Olamfik ta Paris a 2024 cikin daƙiƙa 10.72, daga tsibirin Sen Lusiya take, inda mutanensu ba su kai 200,000 ba. Ƙaramar hukumar Agege kaɗai ta ninka su. Tana yarinya ba takalmi take gudu, tana shekara 14 aka kai ta makaranta a Jamaika. Da a lokacin wani kwamiti ya ce mata ta koma riƙon tuta, da har yau ƙasarta ba ta ga lambar Olamfik ba.

Bari in nuna muku filinmu, don na san galibinku a rumfar manyan baƙi kuke zama, ba ku zagayowa inda ake tashi. Fili ne na jar ƙasa a bayan azuzuwa. Da toka muke zana layuka, da sassafe, kafin iska ta tashi. Tsawonsa bai cika mita 100 ba, kuma ƙarshensa katanga ce, don haka duk wadda ta zo da gudu sai ta miƙa tafukan hannu ta daki bango kafin ta tsaya. Ba mu da bindigar tashi, katako biyu nake bugawa. A wannan fili akwai wata yarinya, mahaifinta mahauci ne a Oko-Oba, wadda idan an kira ajinsu sai ta tuɓe silifas ta ajiye a gefe, ta cusa gefen hijabinta cikin riga ta soke da fil, ta durƙusa. Ba wanda ya koya mata, amma ba ta miƙewa tsaye da zarar an buga katako kamar yadda sauran suke yi. Kanta a ƙasa take fita, tana ture ƙasa da ƙafa, sai ta yi taku goma sha wani abu kafin ta ɗago. Abin da ake shafe watanni ana koya wa wasu ke nan. Kafin tsakiyar fili ta ba ta biyu tazarar da ba a kamowa, kuma mazan ajinsu ma sun daina yarda a jera su da ita. Bana ta shiga aji biyu na ƙaramar sakandare. Ita aka ba tiren ruwa.

Baiwa irin wannan ba ta isa ita kaɗai, shi ya sa nake jin zafin shekarun da za a ɓata. Mai kallo a talabijin gani yake gudu ne kawai, wanda ya fi sauri ya ci. A cikin daƙiƙa goma sha ɗayan da ake gudun mita 100 akwai ilimi. Idan 'yar tsere ta motsa kafin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya wuce bayan ƙarar bindiga, an ɗauka ta yi satar tashi, kuma tun 2010 sau ɗaya tak ake yi a kore ta daga fili. Ƙarshen saurin mutum yakan zo ne wajen mita 50 zuwa 60, daga nan kowa raguwa yake, wadda ta fi iya riƙe jikinta ba tare da ta ɗaure wuya da kafaɗa ba ita ke ci. A layin ƙarshe kuma ƙirji ake dubawa, ba kai ko ƙafa ba. A gasar duniya ta Landan a 2017, Marie-Josée Ta Lou ta Kodebuwa ta rasa zinare da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, 10.86 da 10.85, saboda Tori Bowie ta Amurka ta fi ta iya jefa ƙirji. Waɗannan abubuwa tun ana ƙanana ake saba wa jiki da su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar sutura, wadda na san ita ce ta fi tsaya wa malamanmu a rai. Allah gafarta malamai, a nan ba mu da saɓani da ku ko kaɗan. Ni ma uwa ce, kuma ba zan yarda 'yata ta fita gaban jama'a da ɗan kamfai da 'yar shimin da muke gani a talabijin ba. Amma wa ya ce sai da su ake gudu? Dokar hukumar guje-guje ta duniya cewa ta yi tufafi su kasance masu tsabta, waɗanda ba su saɓa wa mutunci ba, kuma ba sa nuna jiki ko da sun jiƙe. Ba ta ce a buɗe cinya ba, ba ta hana dogon wando ko rufe kai ba. Ruƙayya Al-Ghasara ta Bahrain da hijabinta da dogon wandonta da riga mai dogon hannu ta ci zinaren mita 200 a gasar nahiyar Asiya a Doha a 2006, ta kuma kai zagayen kusa da na ƙarshe a Olamfik ta Beijin a 2008. A Riyo a 2016, 'yar Saudiyya Kariman Abuljadayel ta yi gudun mita 100 a rufe ruf tun daga kai har idon sawu.

Mu a Legas ma muna da abin da ya fi wannan kusa. Shekaru aka yi ana shari'a kan hijabin ɗalibai a makarantun gwamnatin jihar nan, har Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yunin 2022 cewa 'ya'yanmu suna da 'yancin sakawa. Da yawa daga cikinku sun yi addu'a, wasu sun ba da kuɗi, wasu sun je kotu. An yi wannan gwagwarmaya ne don yarinya ta shiga ko'ina da hijabinta ba tare da an tare ta a ƙofa ba. Yanzu kuma mu da kanmu ne za mu tare ta a bakin fili, mu ce hijabin ne ya hana?

Ba ni da ilimin da zan yi fatawa a gabanku, kuma ba zan yi ba. Tambaya kawai nake. A Islamiyya ku kuka karantar da mu hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha a wata tafiya ta wuce shi, bayan wasu shekaru da ta yi jiki suka sake ya wuce ta. Na san za a ce wannan tsakanin miji da mata ne, kuma ya sa sahabbai sun yi gaba tukuna. Na yarda. Ashe ke nan matsalar ba gudun ba ce, idon da ke kallo ne. To wannan ai abu ne da ake iya tsarawa: a ware wa 'yan mata safiyarsu, alƙalai mata, masu riƙe agogo mata, 'yan kallo iyaye mata da ƙannai. Mun iya raba maza da mata a walima da wa'azi da filin Idi. Ban ga abin da zai gagare mu a filin makaranta ba.

Masu cewa gudu zai hana karatu kuwa, ina ganin labarin bai iso musu daidai ba ne. A yau gudu yana cikin manyan hanyoyin da 'yar talaka ke samun jami'a kyauta. Tobi Amusan, 'yar Ijebu-Ode nan kusa da mu, gudu ne ya kai ta jami'a a Texas. Ita ce a ranar 24 ga Yulin 2022 ta kafa tarihin duniya a gudun tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12, ta kuma zama mutum na farko daga Najeriya da ya ci zinare a gasar duniya ta guje-guje. Ladan karya tarihin kaɗai dala 100,000 ne. Favour Ofili ma ta hanyar gudu ta yi karatu a jami'ar jihar Luwiziyana. Gabby Thomas da ta ci mita 200 a Paris ta gama Harvard, ta ƙara da digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. A can jami'o'in, ɗalibar da makinta ya faɗi ba a barin ta ta shiga gasa. Ni ma a ajina haka nake yi, kuma na ga yarinyar da ba ta son lissafi ta zauna ta koye shi don kada a cire sunanta daga 'yan miƙa sanda.

Ba zan yaudare ku ba: cikin yara ɗari da za su yi tsere a filinmu, mai yiwuwa ko ɗaya ba za ta taka filin Olamfik ba. Amma a ƙasa da Olamfik akwai matakai da yawa. Akwai gasar makarantu ta jiha, akwai gasar matasa ta ƙasa, akwai babban bikin wasanni na ƙasa wanda a nan Legas aka fara shi a 1973. 'Yan sanda da kwastan da sojoji duk suna da ƙungiyoyin wasanni kuma suna ɗaukar 'yan gudu aiki. Chioma Ajunwa, wadda ta kawo wa Najeriya zinare a dogon tsalle a Olamfik ta Atlanta a 1996, 'yar sanda ce, kuma ta kai babban muƙami a aikin. Wadda duk ba ta samu ko ɗaya ba, ta samu lafiyar jiki, a unguwannin da hawan jini da ciwon suga suka addabi iyayenmu mata. Aure ma ba ya rufe ƙofar. Fraser-Pryce ta haihu a 2017 ta dawo ta ci duniya a 2019. Mary Onyali tana uwa, tana da shekara 35, ta ci mita 100 da mita 200 a gasar Afirka da aka yi a Abuja a 2003.

Tunda na ambaci Onyali, ku ba ni dama in lissafa. A Olamfik ta Basalona a 1992, mata huɗu suka ciyo wa Najeriya tagulla a gudun miƙa sanda: Beatrice Utondu, Faith Idehen, Christy Opara-Thompson da Mary Onyali. Har yau ana nuna hotonsu, sun tsaya suna haki, idonsu a kan allon sakamako, sai kuma suka fashe da tsalle da ihu da suka ga sunan Najeriya a na uku. A Atlanta, Onyali ta ƙara tagulla a mita 200, Falilat Ogunkoya ta ci tagulla a mita 400, sannan ita da Bisi Afolabi da Charity Opara da Fatima Yusuf suka ɗauko azurfa a gudun miƙa sanda. Falilat da Fatima, ku lura da sunayen. A cikin duk waɗanda na lissafa babu 'yar Zango ko ɗaya. Kada kuma a ce jininmu ne ba na gudu ba. Aminatou Seyni, 'yar Dosso a Jamhuriyar Nijar, ita ta zo ta huɗu a duniya a mita 200 a 2022, bayan 'yan Jamaika biyu da 'yar Ingila ɗaya.

Akwai wani dalili da ba a faɗa a zaman kwamitin ba, amma iyaye maza suna faɗa a majalisa, kuma shi ne na fi girmamawa: tsoron a miƙa 'ya ga mutanen da ba su san darajarta ba. Wannan tsoro yana da tushe. A Tokyo a 2021, 'yan wasan guje-guje da tsalle-tsalle na Najeriya su 10 aka hana shiga gasa bayan sun riga sun isa can, ba don an kama su da laifi ba, sai don ba a yi musu gwajin ƙwayoyi sau uku cikin watanni goma kafin gasar ba kamar yadda doka ta shimfiɗa. Aikin hukuma ne ta tabbatar an yi. Yaran suka fito titi da kwalaye a ƙasar mutane. Favour Ofili tana cikinsu. Bayan shekara uku, a Paris, ita dai Ofilin ta cika sharaɗin shiga mita 100, amma aka wayi gari ba a shigar da sunanta ba. Ta yi mita 200 ta zo ta shida, ta fito tana kuka a gaban 'yan jarida. Kwamitin binciken da ministan wasanni na lokacin ya kafa ya ba da shawarar a biya ta diyya. Najeriya ta dawo daga Paris ba lamba ko ɗaya, kuma a 2025 labari ya bazu cewa Ofili ta nemi komawa yi wa Turkiyya gudu. Ba ita ce farau ba. Salwa Eid Naser da ta ci mita 400 a gasar duniya ta Doha a 2019 da daƙiƙa 48.14 haifaffiyar jihar Anambra ce, amma tutar Bahrain ta ɗaga.

Ga kuma annobar ƙwayoyin ƙara kuzari. Blessing Okagbare, wadda ta ci mita 100 da 200 a gasar ƙasashe rainon Ingila a Glasgow a 2014, an dakatar da ita ana tsakiyar gasar Tokyo, daga baya aka yanke mata haramcin shekara 11. A irin wannan gasa ta ƙasashe rainon Ingila a Birmingham a 2022 matanmu suka ci zinaren miƙa sanda, muka yi ta murna, sai aka ƙwace saboda an sami haramtaccen sinadari a jikin ɗaya daga cikinsu, sauran ukun suka yi asarar guminsu. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mun san halinmu da kemis: ciwon jiki kaɗan sai allura, gajiya kaɗan sai a haɗo ƙwayoyi a leda ba suna. Tiramadol da wasu matasanmu ke sha kamar gyaɗa, tun farkon 2024 yana cikin jerin abubuwan da aka haramta wa ɗan wasa lokacin gasa. Dokar kuma ba ta karɓar uzurin "ban sani ba". Abin da aka samu a jikinki, ke ce da alhakinsa.

To amma, ranku ya daɗe, idan hanya tana da ɓarayi, rakiya ake yi wa yaro, ba a hana shi fita. Abin da ya ci waɗancan 'yan mata shi ne rashin mai tsaya musu, wanda zai bi takarda ofis-ofis ya tabbatar an shigar da suna, wanda idan ya buga waya za a ɗauka. Mu kuwa Allah ya ba mu ku. Sarkin Hausawa idan ya aika a kan rikicin kasuwa, shugaban ƙaramar hukuma yana saurara, 'yan siyasa kuma sun san ƙofar fadarku sarai idan zaɓe ya matso. Wannan murya muke roƙo a ara wa 'yan matan.

Wani abin takaicin shi ne kusancinmu da filayen. Babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere, wanda aka buɗe a 1972 aka yi gasar Afirka a cikinsa a 1973, da filin Teslim Balogun da ke tsallaken titi, ba su da nisa da Idi-Araba. Akwai filin kwalejin fasaha ta Yaba, akwai na jami'ar Legas a Akoka, kuma yanzu jirgin ƙasa na jan layi yana ɗaukar mutum daga Agege ya sauke shi a Yaba ba tare da ya sha gosulon Oshodi ba. Mutane daga jihohi masu nisa suke zuwa neman abin da ke bayan gidanmu. Amma yawancin ɗalibaina ba su taɓa taka shimfiɗar roba ba, ba su taɓa saka takalmi mai ƙusa ba, ba su taɓa ganin ƙarfen da ake toka ƙafa a tashi ba. Kuma lokacin da nake ɗauka da agogon waya ba shi da daraja a ko'ina. Wadda ke son shiga mita 100 a Paris kai tsaye sai da ta yi daƙiƙa 11.07, da agogon lantarki, a gasar da aka amince da ita, iskar da ke tura ta kuma ba ta wuce mita 2 a daƙiƙa ba. Ko mai neman ɗalibai daga jami'ar waje, lokacin lantarki yake tambaya kafin ya tambayi suna.

Takardu ma matsala ne. Na taɓa raka wata ɗaliba wajen tantance 'yan wasa, ta yi gudu ta burge kowa, aka zo rubuta suna aka nemi takardar haihuwa. Babu. A gida aka haife ta, ba a kuma je an yi rajista ba. Muka hau danfo muka dawo.

Saboda haka ga roƙonmu. Muna roƙon iyayenmu sarakuna su kira kwamitin makarantar nan, cikin mutunci, a janye wannan hukunci kafin inta-haus mai zuwa, a kuma ja hankalin sauran makarantun da ke shirin kwaikwaya. Idan za a sake zama kan abin da ya shafi 'yan mata, a sa iyaye mata da malamai mata a ciki. Mu muka san lokacin da yarinya take fashin salla ba ta jin daɗin jikinta, mu muka san wadda ke zuwa makaranta ba ta karya ba saboda sai ta gama kai tallan koko.

Muna roƙon malamai su zauna da mu su fayyace suturar da ta dace, a rubuta a raba wa makarantu: dogon wando mai ɗan sauƙi, riga mai dogon hannu da ta sauko, da ƙaramin hijabi mai kama kai wanda iska ba za ta ɗaga ba. Telolinmu na Agege za su ɗinka shi da araha. Idan kun sa albarka, babu uban da zai ƙara jin nauyi. Muna kuma so ko sau ɗaya a ji daga bakin liman cewa motsa jikin 'ya mace cikin sutura ba abin kunya ba ne, don maganarku ɗaya ta fi tawa ɗari.

Ga alhazan kasuwa: kuna sayen kofi da riguna don gasar ƙwallon samari duk bayan salla, Allah ya saka. A ware wani abu daga ciki. Abin da muke buƙata ba shi da yawa: takalma masu ƙusa da za a riƙa karɓa-karɓa, kuɗin jirgi ko mota zuwa Yaba ko Surulere ranar Asabar, abincin da yara za su ci bayan atisaye, da ɗan alawus na mai horarwa mace. Sharaɗinmu da kanmu muka gindaya shi, kuma muna so ku riƙe mu da shi: ba yarinyar da za ta je atisaye ko gasa sai da rakiyar uwa ko malama, ba mai horarwa namiji da zai keɓe da ita, ba wanda zai ba ta ƙwaya ko allura sai da takardar likita, kuma wadda makinta ya faɗi za ta huta har sai ta gyara.

Daga fada kuma muna roƙon wasiƙa biyu. Ɗaya zuwa hukumar wasanni ta jihar Legas, a nemi a ba 'yan matan makarantunmu wasu sa'o'i a filin wasa na Agege, a kuma riƙa sanar da mu ranakun gasar makarantu da na tantance 'yan wasa, don sau da yawa sai an gama muke ji. Ta biyu zuwa ofishin hukumar ƙidaya, a turo ma'aikata su zauna a ƙofar fada kwana ɗaya ko biyu a yi wa yara takardar haihuwa, masu gudu da waɗanda ba sa yi. Gasar duniya ta gaba a Beijin za a yi ta a 2027, Olamfik kuma a Los Anjalas a 2028. Waɗannan sun yi wa yaranmu kusa, ba ma sa rai. Amma an riga an ba Brisbane ta Ostareliya ta 2032, kuma 'yar mahaucin nan a lokacin ba za ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba.

Mun shirya zuwa fada duk ranar da kuka sa mana, mu da iyayen yaran, da samfurin suturar a hannu don malamai su duba. Idan kuma kun fi so ku fara gani da idonku, muna atisaye ranar Asabar da hantsi, kuma za mu tanadi kujeru a wajen da ake tashi.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya raya mana zuri'a.

Wassalam.

'Yarku,
Malamar motsa jiki, a madadin malamai mata da iyaye mata,
Agege, Legas.